Kasuwa ko Gayya? Sharhin Littafin Eric Raymond a Ma'aunin Tsohuwar Kwamfuta

Littafi: The Cathedral and the Bazaar
Marubuci: Eric S. Raymond
Maɗaba'a: O'Reilly, Amurka
Shekara: 1999, an sake fitar da shi da gyare-gyare a 2001
Harshe: Ingilishi

Gabatarwa

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye kulawar yau da kullum da yake bai wa Windows 10. Wadda ta gaje ta, Windows 11, ta zo da sharuɗɗanta: ram aƙalla gigabayit 4, ma'ajiya gigabayit 64, wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da firosesa wadda galibi ba ta girmi shekarar 2017 ba. Duk wanda ya san irin kwamfutocin hannu da ake ciniki a titin Beirut cikin Kano, ko waɗanda ake buga takardu da su a shagunan Ƙaraye da Rogo, ya san da yawansu ba za su tsallake wannan shinge ba. Lafiyarsu ƙalau, suna kunnuwa, suna aiki, amma an yanke musu hukuncin tsufa daga nesa.

Duk sanda irin haka ta faru, shawara ɗaya ce take fitowa daga bakin masana: a sa musu Linux. Ita kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma kowa yana da damar buɗe cikinta ya gyara. Wannan yarda da ake yi wa Linux tana da littattafan da suka gina ta, kuma babu wanda ya kai na Eric Raymond tasiri a cikinsu. Ma'anar sunansa da Hausa ita ce "Babbar Majami'a da Kasuwa". Ya haura shekara ashirin da biyar da fitowa, ana kuma samun maƙalolinsa kyauta a intanet, don haka mai waya ma yana iya karantawa.

Wannan sharhi zai auna littafin da ma'auni guda. A ɗauki tsohuwar kwamfuta, mai ram megabayit 512, a ajiye ta a gaban wani malamin makaranta a Kafin Dafga wanda ɗalibansa za su zauna jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 aka mayar da ita kacokan ta kwamfuta. Me littafin ya yi wa wannan malami alkawari, kuma nawa ya cika?

Abin da ke cikin littafin

Littafin tarin maƙalu ne. Na farko tarihin masu sha'awar ƙirƙirar manhaja ne a taƙaice. Na biyu shi ne wanda ya ba littafin suna, kuma marubucin ya fara gabatar da shi a wani taron Linux a birnin Würzburg na Jamus a watan Mayu na 1997. Na uku ya duba al'adun mallaka a tsakanin masu wannan aiki, na huɗu ya duba yadda ake samun kuɗi da abin da ake rabawa kyauta, na biyar kuma labarin yadda aka tallata wannan ra'ayi ga 'yan kasuwa ne.

Jigon littafin kwatanci ne tsakanin hanyoyi biyu na gina manhaja. Hanya ta farko ita ce ta majami'a: ƙwararru kaɗan su keɓe kansu, su yi ta aiki a ɓoye, sai abu ya kammala a fito da shi. Mutane da yawa suna zaton Microsoft yake nufi da wannan, amma misalan da ya fi kawowa daga gida suke, wato manhajojin GNU irin su Emacs, waɗanda rubutunsu a buɗe yake amma 'yan tsiraru ne ke juya akalarsu. Hanya ta biyu ita ce wadda Linus Torvalds ya bi tun da ya sanar da aikinsa a watan Agusta na 1991, yana ɗalibi a Helsinki: ka fitar da abu tun yana ɗanye, ka riƙa sabunta shi a kai a kai, ka ɗauki masu amfani da shi a matsayin abokan aiki. Wannan ita ce kasuwa.

Raymond bai tsaya a kallo ba. Ya karɓi wata ƙaramar manhajar ɗauko saƙonnin imel mai suna popclient daga hannun mai ita, ya sauya mata suna zuwa fetchmail, ya gudanar da ita bisa tsarin kasuwa da gangan don ya ga ko abin zai yi. Daga wannan gwaji ya fitar da darussa goma sha tara. Wanda ya fi shahara shi ne cewa idan masu dubawa suka yi yawa, kuskure ba ya samun wurin ɓuya, domin abin da ya gagari wani a wurin wani sauƙi ne. Da wannan yake ƙalubalantar Fred Brooks, wanda a littafinsa na 1975 ya nuna cewa ƙara ma'aikata a aikin manhajar da ya makara ƙara masa lattin yake yi. Da Bahaushe ne ke muhawarar, Brooks zai ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai, Raymond ya amsa da sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Maƙalar ta yi aiki a zahiri. A watan Janairu na 1998 kamfanin Netscape ya sanar da cewa zai buɗe rubutun manhajarsa ta shiga intanet, kuma rubutun Raymond na cikin abubuwan da suka ƙarfafa masa gwiwa. Daga wannan zuriya Firefox ta fito. Kaɗan ne daga cikin marubuta ke iya nuna irin wannan sawu.

Salo

Ƙarfin littafin a salonsa yake. Raymond ya ɗauki batu mai tsauri ya mayar da shi labari, yana tafiya yana tsayawa ya ajiye darasi ɗaya, kamar mai ba da tatsuniya da ke yanka karin magana a kowace gaɓa. Darussan gajeru ne, suna zama a ka. Wanda bai taɓa rubuta layi ɗaya na manhaja ba zai iya bin maƙala ta biyu har ƙarshe, ko da zai ɗan yi tuntuɓe a wuraren da aka shiga bayanin hanyoyin aika imel.

Rauninsa ma a nan yake. Marubucin yana son kansa a cikin labarin fiye da kima. Gwajin da ya kafa hujja da shi nasa ne, shi ya tsara, shi ya gudanar, shi ya yanke hukuncin cewa ya yi nasara. A maƙala ta ƙarshe kuwa yabon kai ya fito fili, har mai karatu ya fara jin kamar mutum ɗaya ne ya juya duniyar. Sannan fetchmail ƙaramar manhaja ce. Ɗaukar darasinta a shimfiɗa a kan kowane irin aiki kamar auna hatsin rumbu ne da abin da aka gani a tafin hannu.

Wace irin kasuwa ce wannan?

Matsala ta farko da mai karatu Bahaushe zai ci karo da ita tana cikin sunan littafin. Kasuwar da ke kan Raymond wuri ne na hayaniya, kowa da inda ya sa gaba, babu mai tsawatarwa, amma a ƙarshe tsari ya fito da kansa. Wanda ya taɓa cin kasuwar Kurmi ko ta Dawanau, ko ma kasuwar ƙauye ta mako-mako, ya san ba haka kasuwa take ba. Akwai sarkin kasuwa. Akwai layin mahauta da sarkin fawarsu, akwai 'yan koli, akwai kara ta dabbobi da dillalanta, akwai ma'auna. Baƙo ba ya zuwa ya kafa rumfa inda ya ga dama. Hayaniyar da bako yake ji a saman tsari take zaune.

Linux ma haka take. Kowa na iya aiko da gyara, amma kowane sashe yana da mai kula da shi, kuma abu ba ya shiga sai ya bi ta hannunsu har ya kai ga Torvalds. Raymond da kansa ya ɗanɗana wannan bayan fitowar littafin. Ya shafe lokaci mai tsawo yana rubuta wani sabon tsari mai suna CML2, wanda zai maye gurbin yadda ake zaɓar abin da za a sa da abin da za a cire idan ana harhaɗa zuciyar Linux. Aka yi ta muhawara, masu ruwa da tsaki ba su karɓa ba. A 2002 aka ɗauki na Roman Zippel, wanda ake kira Kconfig, kuma da shi ake aiki har yau. Mutumin da ya fi kowa yabon kasuwar ya kawo hajarsa, sarkin kasuwa bai ba shi rumfa ba.

Akwai kalmar da ta fi dacewa da abin da littafin ke bayani, kuma muna da ita: gayya. A kasuwa ana saye da sayarwa, kowa ribarsa yake nema. A gayya mutane ne ke taruwa a gonar mutum ɗaya su yi aikin da ba a biyan su lada, don zumunci, don ramuwa wata rana, don kuma a san su. Maƙala ta uku ta littafin, wadda a ganina ta fi sauran zurfi, kusan bayanin gayya ce ba tare da marubucin ya san sunanta ba. Ya nuna cewa abin da ke motsa waɗannan mutane shi ne suna da martaba a idon tsara, kamar yadda kiɗan gangar noma da kirari ke sa saurayi ya ninka kuyyan da zai yi. Ya kuma bayyana hanyoyi uku da ake mallakar aiki: ka fara shi da kanka, ko mai shi ya miƙa maka, ko ka tarar an yi watsi da shi ka yi cigiya a bainar jama'a, in ba a samu mai shi ba ka ɗauka. Manomi a Rogo zai gane wannan nan take: saran daji, da gado ko kyauta, da saurar da aka daɗe ba a noma ba wadda ake neman izinin dagaci kafin a shiga.

Amma wanda ya san gayya ya san abin da Raymond ya tsallake. Gayya tana da mai ita, kuma sai mai iya dafa tuwo da dama fura ke kiran ta. Gonar mai hali ake fara zuwa. Ta gwauruwar da ba ta da mai kira mata, in an je, sai damina ta yi nisa.

Gwajin tsohuwar kwamfuta

Don a ga inda alkawarin littafin ya cika, sai an leƙa cikin injin. Abin da ake kira kanel shi ne zuciyar babbar manhajar kwamfuta, kamar ƙwayar gyaɗa a cikin ɓawo. Shi ke raba wa manhajoji lokacin firosesa, shi ke rabon ram, shi ke magana da faifan ajiya da allo da madannai. Linux a asali sunan wannan kanel ne kawai. Wayar Android da mai karatu ke riƙe da ita yanzu ma da shi take aiki.

Fitowar farko ta 1991 layuka kusan dubu goma ce, an kuma rubuta ta a kan kwamfuta mai firosesa 386 da ram megabayit 4. A farkon 2025 rubutun ya haura layi miliyan 40. Mafi yawansa direbobi ne, wato ƙananan tafintoci, kowanne ya iya yaren na'ura guda: wannan na katin sauti kaza, wancan na firinta kaza. Babu kwamfutar da ke buƙatar ko kashi ɗaya cikin goma na waɗannan tafintoci. Saboda haka kafin a harhaɗa kanel ana amsa tambayoyi, waɗanda yawansu ya haura dubu goma, kuma galibinsu amsa uku gare su: a gina abin a jikin kanel, ko a ajiye shi gefe a ɗauko in buƙata ta taso, ko a bar shi gaba ɗaya. Aikin shiƙa ne, a fitar da ƙaiƙayi a bar tsaba.

Ba wanda ke amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Akwai gajerun hanyoyi. Umarnin localmodconfig yana duba direbobin da kwamfutar ke amfani da su a wannan lokaci, ya kashe sauran. Tarkonsa shi ne duk na'urar da ba a jona ba a lokacin, kamar filashi ko firinta, ana iya barin direbanta a baya, sai ranar da aka zo bugun takarda a tarar babu tafinta. Umarnin tinyconfig kuwa daga kusan babu yake farawa. Kanel ɗin da yake bayarwa ko rubutu ba ya nunawa a allo sai ka ƙara masa wannan ikon da hannunka, daga nan ka riƙa ƙari ɗaya bayan ɗaya ta cikin menuconfig har ya tashi. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce direban faifan ajiya da na tsarin fayilolinsa dole su kasance a wurin da kanel zai same su tun farkon tashi. In aka ajiye su a cikin faifan da ake son buɗewa, an kulle ɗaki ke nan da makulli a ciki, kwamfutar za ta tsaya cik. Masu hankali suna yin harhaɗawar a kan kwamfuta mai ƙarfi su kwaso, suna kuma barin tsohon kanel a jerin zaɓin tashi don in sabon ya ƙi a samu na komawa.

Sakamakon yana da ban mamaki. Tiny Core Linux, har da allon da ake dannawa da linzami, bai kai megabayit 30 ba. Puppy Linux, wanda Barry Kauler ya fara a Ostireliya a 2003, yana iya kwashe kansa gaba ɗaya ya zauna a cikin ram, ya yi aiki ko faifan ajiya ya mutu. A 2021 wani ɗan ƙasar Foland ya matse kanel na zamani da 'yan kayan aiki a cikin faifan fulofi guda mai megabayit 1.44. Akwai kuma dabarar zram, wadda ke matse abin da ke cikin ram don ƙaramin wuri ya ɗauki kaya da yawa.

A nan dole a ba Raymond gaskiyarsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai yiwu da rubutun a kulle yake. Mai Windows ba shi da ikon cire abin da ba ya so daga zuciyarta, sai abin da kamfani ya ga dama. Mai Linux yana da wuƙa da nama. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma buɗaɗɗen rubutu ne ya bar murfin tulun a buɗe.

Ƙaiƙayin wa ake sosawa?

Darasi na farko a cikin goma sha taran yana cewa kyakkyawar manhaja daga buƙatar mai rubuta ta take farawa, wato mutum inda ke masa ƙaiƙayi yake sosawa. Raymond ya kawo wannan a matsayin sirrin nasara. Ga mai karatu a yammacin Kano, nan ne babban gibin littafin. Idan kowa nasa ƙaiƙayin yake sosawa, wa zai sosa na wanda hannunsa bai kai ba?

Tarihi ya ba da amsa. A ƙarshen 2012 aka cire tallafin firosesa 386 daga kanel, wato injin da aka haifi Linux a kansa, saboda riƙe shi yana wahalar da masu aiki kuma babu mai tsaya masa. Wannan bai cutar da kowa sosai ba. Amma a watan Agusta na 2025 Debian, ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen Linux da wasu da dama ke ɗiba daga gare ta, ta fitar da zubi na 13 ba tare da kanel ko manhajar girkawa ta kwamfutoci masu bit 32 ba. Ubuntu ta riga ta yin haka da shekaru. Wannan rukuni ya haɗa da yawancin Pentium 4 na farko, da Pentium M, da ƙananan laftof masu Atom na farko, irin waɗanda aka yi ta shigowa da su Nijeriya. Ba mugunta ce ta sa aka bar su ba. Masu aikin ba su da irin waɗannan injuna a gabansu, masu irin injunan kuma ba sa cikin masu aikin. Yau mafi yawan gyare-gyaren da ke shiga kanel daga ma'aikatan kamfanoni irin su Intel da Google da Red Hat suke fitowa, mutanen da ake biya albashi, kuma hankalinsu na kan manyan rumbunan bayanai da sababbin wayoyi. Gayyar tana nan, amma masu hali ne ke dafa tuwon. Waɗanda suka rage a gonar tsofaffin injuna, irin su antiX da Tiny Core, 'yan sa-kai ne ƙalilan.

Darasin yawan idanu ma ya sha gwaji. A watan Afrilu na 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a manhajar OpenSSL, wadda ɗimbin shafukan intanet ke dogaro da ita wajen tsaro. Kuskuren ya shekara biyu a fili, rubutun a buɗe, ba wanda ya lura, domin masu amfani miliyoyi ne amma masu kula 'yan kaɗan. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya gano ƙofar baya da aka dasa da gangan a manhajar xz, bayan wanda ya dasa ta ya daɗe yana neman yardar mai kula da ita da aiki ya yi wa yawa. Buɗewar rubutun ta taimaka wajen kama abin, wannan gaskiya ne. Amma samun damar dubawa daban, dubawar daban. Kowa na zaton wani na dubawa.

Nijeriya ma tana da nata labarin, kuma littafin ba shi da wurin ajiye shi. A 2007 aka gwada shirin laftof ɗaya ga kowane yaro a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja. Injin, XO, yana da ram megabayit 256 da ma'ajiya gigabayit 1, kuma Linux da aka rage wa nauyi ke tafiyar da shi. A shekarar dai aka yi cinikin ƙananan kwamfutocin Classmate guda 17,000 ɗauke da Linux na kamfanin Mandriva na Faransa, har shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, yana kukan cewa an ce za a goge nasu a sa Windows. Abin lura shi ne a duka biyun ba ingancin rubutu ne ya yanke hukunci ba. A ofisoshi aka yi maganar, tsakanin masu kwangila da jami'ai, sannan wutar lantarki da kayan gyara da horar da malamai suka yi sauran hukuncin. Raymond ya yi imani cewa abu mai kyau zai yi nasara da kansa. Wanda ya ga yadda ake sayen kayan makaranta a ƙasar nan zai yi murmushi.

Abin da malamin zai tarar

Mu koma ga ma'auninmu. Idan malamin nan na Kafin Dafga ya bi hanyar da littafin ya yaba, zai samu riba ta gaske. Injinsa zai tashi da sauri. Ɗalibai za su koyi riƙe linzami da bugun madannai, wanda shi ne abin da ke firgita yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. Zai iya buga ɓ da ɗ da ƙ, domin Linux na zuwa da tsarin madannan Hausa. Da manhajar Kiwix zai iya ajiye Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba tare da data ba.

Zai kuma tarar da abubuwa uku da littafin bai shirya shi musu ba. Na farko, rage kanel megabayit kaɗan yake ceto. Mai cinye ram na gaske shi ne manhajar shiga intanet, domin shafukan yau an gina su ne don sababbin injuna, kuma shafi ɗaya na iya shanye ɗaruruwan megabayit. Ga yawancin mutane, zaɓar Linux marar nauyi da aka riga aka shirya ya fi harhaɗa kanel da hannu amfani. Harhaɗawar ta zama dole ne idan injin ya tsufa ƙwarai, ko kuma don koyo, wanda shi ma ba ƙaramar riba ba ce. Na biyu, wuta. Wasu nau'o'in Pentium 4 firosesar kaɗai tana shan wat 80 zuwa sama da 100, ban da allo. A inda ake dogaro da sola ko janareto, tsohuwar kwamfutar tebur da aka samu kyauta tana iya fin tsohuwar laftof tsada a cikin shekara guda. Ba kowane tsohon inji ne ya cancanci ceto ba. Na uku, harshe da kuɗin shiga. Duk tambayoyin nan dubu goma da bayanansu da Ingilishi suke, zaurukan da ake neman taimako ma haka, kuma sauke rubutun kanel kaɗai ya haura megabayit ɗari. Ƙofar a buɗe take, amma akwai kuɗin mota kafin a isa bakinta.

Kammalawa

Littafi ne da ya cancanci karatu, musamman maƙala ta biyu da ta uku. Ya faɗi gaskiya a kan babban abu ɗaya: aikin da aka buɗe wa jama'a yana iya fin wanda aka kulle inganci da tsawon rai, kuma kowace tsohuwar kwamfuta da ta dawo aiki shaida ce. Ya yi kuskure da ya ɗauka cewa taron ba shi da shugabanni, ya kuma yi shiru a kan waɗanda ba su da halin shiga taron. An rubuta shi ne daga cikin jama'ar da kowa ke da wuta da layin intanet da lokacin hutu, sai marubucin ya zaci haka duniya take.

Wanda zai karanta shi a nan ya karanta da idon mai neman dabara. Darasin da ya fi mana amfani yana cikin maƙala ta uku: gonar da aka bari, wanda ya yi cigiya ya shiga ya nome ta, tasa ce. Tallafin tsofaffin injuna saura ce da masu ita ke ficewa daga cikinta a hankali, kuma mu ne muka fi kowa buƙatar amfaninta. Akwai ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero da ta Wudil da Ahmadu Bello ta Zariya da ke neman aikin kammala karatu kowace shekara. Akwai masu gyara a Farm Centre da titin Beirut da suka san cikin waɗannan injuna fiye da waɗanda suka rubuta direbobinsu. Tara bayanin injunan da suka fi yawa a kasuwanninmu, da shirya musu kanel da ya dace da su, da rubuta jagorar girkawa da Hausa, aiki ne da mutum goma za su iya, kuma lasisin Linux ya riga ya ba da izini. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ana son a yi gayya a wannan gona, daga cikinmu mai kiranta zai fito.